Mashin ɗin da ba ya tsayawa a silo sai an ja masa cok

Wani bawan Allah daga Rigasa a Kaduna ya aiko da tambaya. Yana da mashin ƙirar CG125, irin na China, shekararsa uku a hannunsa. Ya yi tafiya ya bar shi a zaure kusan wata biyu da ɗan mai a tanki. Tun da ya dawo, mashin ba ya tashi sai da cok, kuma ko ya yi zafi, da zarar an mayar da cok sai ya mutu. A kan titi yana gudu lafiya lau, amma yana sakin totur a danja ko cikin cunkoson Bakin Ruwa, shi ke nan, sai ya koma buga kik mutane na danna masa hon. An wanke masa kafireta sau biyu, an ɗaga silo, wato aikin da inji ke yi shi kaɗai idan an saki totur, yanzu bakaniken ya ce ya sayi sabuwa. Shi ne yake tambaya: ya saya, ko akwai sauran dabara?

Malam, sannu da haƙuri. Kada ka sayi kafireta tukuna. Bayanin da ka yi ya kusa nuna wurin ciwon da yatsa, kuma ina kyautata zaton abin da ke damun mashin ɗinka bai kai ƙwayar gero girma ba. Amma bari in fara da cok ɗin kansa, domin wanda ya gane aikinsa ya gane rabin matsalar.

Inji ba ruwan fetur yake ƙonawa ba, tururinsa yake ƙonawa haɗe da iska. Idan ya yi zafi, haɗin da yake so shi ne kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai, in an auna da nauyi. Da asuba kuwa, ƙarfe ya kwana cikin sanyi, man da ya fito daga kafireta ba ya zama tururi duka. Wani yana mannewa a bangon manifol, wato wuyan nan da ya haɗa kafireta da inji, kamar raɓa a jikin kwano, bai ma isa wurin fulogi ba. To aka yi cok domin ya ƙara yawan mai a wannan ɗan lokacin, ko da rabi ya maƙale a hanya, abin da ya isa ciki ya kama wuta. A mashin irin naka wani ɗan faranti ne a bakin kafireta ta ɓangaren iska: ka ɗaga hannun, farantin ya rufe, iska ta ragu, zuƙar inji ta jawo mai da yawa. Matsayi uku gare shi, rufe duka, rabi, da buɗe. A wasu mashinan, musamman masu shan man 2T irin su AX100, ba faranti ba ne, wata hanyar mai ce ta daban da cok yake buɗewa. Irin wannan idan ka murɗa totur lokacin buga kik ka ɓata aikin cok ɗin, saboda haka a bar totur a rufe.

Wani abu da nake yawan gani: mutum ya yi shekara da mashin bai san ta ina cok yake a ja, ta ina yake a sake ba. Kada ka dogara da abin da aka gaya maka. Ka cire robar da ke kawo iska, ka leƙa bakin kafireta, ka motsa hannun ka ga farantin da idonka. Gani ya kori ji.

Yanzu ka duba abin da mashin ɗinka yake gaya maka. Inji ya yi zafi, bai kamata ya nemi ƙarin mai ba. Lafiyayyen mashin da ya yi zafi, in ka ja masa cok, shaƙewa zai yi, ya yi tari, ya mutu ko ya kusa. Naka kuwa sai da cok yake rayuwa. Ma'ana a silo yunwar mai yake ji. Hanya biyu ce kawai take kawo haka: ko man da ya kamata ya zo ba ya zuwa, ko wata iskar da ba a gayyata ba tana shiga ta bayan gida. Cok ɗin lafiyarsa ƙalau, shi ne ma yake rufa wa mashin asiri. Wanda ya tsaya gyaran cok ya bar jaki yana dukan taiki.

Ka ce kuma a kan titi yana gudu babu matsala. Wannan magana ta fi komai amfani a cikin tambayarka. In ka kwance kofin da ke ƙasan kafireta za ka ga jet guda biyu na tagulla, wato 'yan ƙananan sukurai masu rami da mai ke bi ta ciki. Babban yana tsakiya, shi ke ciyar da inji idan an buɗe totur sosai, yana aiki tare da allurar da ke jikin fistin kafireta. Ƙaramin yana gefensa, siriri ne dogo, shi ke ciyar da inji daga silo zuwa ɗan buɗin totur na farko. Kowannensu da hanyarsa. Mashin da ke gudu a titi amma ya mutu da an saki totur, babban jet ɗinsa yana aiki, tanki yana kawo mai, wuta tana zuwa. Ƙaramin ne ya yi shiru.

Ramin wannan ƙaramin jet bai kai rabin milimita ba. Ka ajiye mashin wata biyu da mai a cikin kofi. Fetur idan ya zauna, ɓangarensa mai saurin tashi yana bin iska, ya bar wani danƙo mai kalar zuma, wani lokaci ya bushe ya zama kore-kore a jikin tagulla. Babban jet raminsa da faɗi, mai yana ratsawa ya wanke shi. Ƙaramin kuwa da ɗan abu kaɗan ya toshe.

Za ka ce ai an wanke sau biyu. Ba zargin bakanikenka nake ba, amma na san yadda wankin kafireta na bakin titi yake kasancewa idan mashina sun yi layi kuma kowa na sauri. A kwance kofi, a zubar da dattin ciki, a goge da tsohon burushi da fetur, a cire babban jet a hura da baki, a mayar. Kafireta ta fito tana ƙyalli, ƙaramin jet ko taɓa shi ba a yi ba. Wani ma ya cire shi, ya hura, ya ji iska na fita ta ƙananan ramukan gefensa, ya ɗauka ya buɗe, alhali ramin tsakiya yana nan a toshe.

A hunturun da ya wuce wani dattijo ya turo mashin garejinmu a Tudun Wada da hantsi, ya ɗaure hannun cok a rabi da robar tsohon tif don kada ya sauka. Ya ce ya fi wata yana yawo haka, mai na ƙarewa kamar ana ɗiba. Na cire fulogi, baƙi ƙirin, ka taɓa ya shafa maka kamar gindin tukunya. Na kwance kofi na fitar da ƙaramin jet, na ɗaga shi saitin rana na rufe ido ɗaya. Duhu. Na miƙa masa shi ma ya leƙa, ya ce bai ga komai ba. Muka jiƙa shi a cikin murfin gwangwani, na zare sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki na tura a hankali, sai ga wani ɗan ɓarɓashi ya faɗo a tafin hannuna, bai kai ƙwayar yashi ba. Na sake ba shi jet ɗin. Ya daɗe yana kallon ɗan ɗigon hasken nan, sannan ya kalli abin da ke hannuna ya ce, "Yanzu wannan ne ya hana ni sakat?" Shi ne kuwa.

To ga yadda za a yi wankin na gaskiya, ko kai da kanka ko ka tsaya a kan bakanike ya yi a gabanka. A rufe famfon mai, a sauke kafireta gaba ɗaya daga jikin mashin, a shimfiɗa farin ƙyalle ko kwali, domin kayan cikinta ƙanana ne, in ɗaya ya faɗa ƙasar gareji ya tafi ke nan. A cire kofi, a zare fin a cire fulot, wato 'yar robar nan mai iyo a kan mai, tare da allurarta. A cire jet biyun da sukundireba mai baki daidai da tsagarsu, saboda tagulla tana da laushi, baki ya yi ƙanƙanta sai ya cinye tsagar. Sannan a cire sukurun haɗi, wato mai daidaita mai da iska a silo. Kafin a cire shi a murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, ana ƙirga zagaye, a rubuta adadin. Idan ya fito akwai sifirin a jikinsa, da 'yar wosha, da 'yar robar zobe. Wannan robar tana yawan maƙalewa a cikin rami, ko ta ɓace a wankin baya ba wanda ya lura, kuma rashinta kaɗai yana isa ya hana silo zama.

Jet ɗin a jiƙa shi da maganin wankin kafireta na feshi, in babu a sa tina, amma kada ko ɗaya ya taɓa roba. Wajen buɗe ramin, don Allah ban da allurar ɗinki, ban da silin wayar burki. Ƙarfe ya fi tagulla ƙarfi, zai faɗaɗa ramin, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. Mashin zai daina mutuwa amma ya koma shan mai da baƙin fulogi har sai an sauya jet. Silin wayar lantarki mai laushi ko gashin burushi ɗaya ya wadatar. Shaidar aiki ita ce hasken nan, zagayayye, tas. In ya ƙi, sabon jet kuɗinsa kaɗan ne, sai dai a duba lambar da ke jikinsa, irin su 35 ko 38, a sayo mai lamba ɗaya.

Jet kuma bakin hanya ne kawai. Daga shi akwai siririn lungu a cikin jikin kafireta da ke bi ta wurin sukurun haɗi ya ɓullo ta wasu ƙananan ramuka a ƙasan maƙogwaro, daidai gindin fistin ta ɓangaren inji. Akwai kuma wani rami a bakin kafireta da ke kai wa wannan lungu iska. Ka fesa magani ta mazaunin jet, dole ka ga ya fito ta waɗannan wurare duka. Wanda bai fito ba, nan ne. Iskar baki ba ta isa wannan aiki. Ka kai wa mai faci ya hura da kwamfuresa, amma sai fulot na waje, kada iska ta lotsa shi.

Idan an yi duk wannan mashin bai sauya hali ba, sai mu koma ga ɓarauniyar iska. Duk iskar da ta shiga tsakanin kafireta da inji ba ta ɗauko mai ba, tsarma haɗin take yi. A gudu ba a jin ta sosai domin iskar da ke wucewa da yawa take, amma a silo, da fistin kafireta ya kusa rufewa, 'yar tsaga kaɗan ta isa ta rinjayi komai. Zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu yana busar da roba, rawar inji da ramukan unguwa su ƙarasa ta. Ka duba robar manifol ka lanƙwasa ta da yatsa, tsagar tana ɓoyewa a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ka duba gasket da robar zoben da ke fuskar kafireta. Kuma tun da an sauke kafiretarka sau biyu, mai yiwuwa a nan aka jawo sabuwar matsala: a mayar da tsohon gasket da ya yage, ko a ɗaure noti ɗaya tamau a bar ɗaya sako-sako. Ɗaurin ganganci ma yana lanƙwasa fuskar kafireta.

Alamar wannan ciwo ita ce silo marar tsayayyen hali. Ka ba shi wuta ka saki, maimakon ya sauko nan take sai ya rataye a sama na ɗan lokaci, sannan ya faɗo ya mutu. Wani lokaci salansa na yin tas-tas idan ka saki totur a gangara. Gwajinsa: inji na aiki, ka fesa ɗan maganin kafireta a mahaɗar manifol, in sautin ya sauya, ya hau ko ya sauka, akwai ƙofa a wurin. Wasu da fetur suke yi. Ni ba na so, kuma ba na barin yarana su yi, domin tartsatsi ɗaya daga hular fulogi ya isa. Ruwa a robar feshi ma yana nunawa, silo zai ɗan nutse idan ruwan ya rufe tsagar. A masu shan 2T akwai ƙarin wuri, sil ɗin gefen karanshaf, shi ma idan ya mutu yana shan iska.

Akwai wata magana da ba ka tambaya ba amma dole in yi ta, domin ita ce ke kawo mana rabin mashinan da ba sa silo a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya shigo gareji maganarsa ɗaya: "Oga, a matse min kafireta." Sai a rufe sukurun haɗi kusan duka, a sauke allura, mai mashin ya tafi yana murna. Kwana biyu ya dawo, mashin ba ya tashi da safe, yana mutuwa a danja, inji na zafi fiye da da. Daga nan sai a ɗaga masa silo don a rufe ɓarnar, ko shi da kansa ya koma tafiya da rabin cok. Man da aka ce za a tara ya fita ta wata ƙofa, an kuma ƙara da wahalar da bawul da fistin inji, domin haɗin da mai ya yi masa kaɗan ya fi zafi wajen ƙonewa. Na fahimci halin da ake ciki, ni ma da kuɗina nake sayen man. Amma sauƙin shan mai yana zuwa ne daga tsabtataccen soson iska, da iskar taya daidai, da sarƙa mai mai, da bawul a sete, da hannu mai sanyi a kan totur. Ka tambayi kanka ko an taɓa yi wa naka irin wannan matsi.

Tsadar man ta kawo wani abu kuma. Mutane sun koma sayen lita ɗaya, lita biyu, kullum famfo na kan rizaf. Rizaf daga can ƙasan tanki yake ja, inda tsatsa da ruwa suke kwanciya, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Tankin da kullum rabinsa iska ne yana yin gumi ta ciki, da damina kuma ruwa na bi ta murfin da robarsa ta mutu. Ga man galan na 'yan bumburutu da ba ka san inda ya kwana ba. In ka wanke jet tas ka mayar a ƙarƙashin tanki mai datti, sati ɗaya ka dawo gidan jiya. Saboda haka ka kwance sukurun da ke gindin kofi ka tari man a kwalba mai haske. Ruwa zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallo, tsatsa kuma ja-ja. In ka gani, a sauke tanki a wanke, a wanke rariyar famfo, a sa 'yar filtar mai a jikin tiyo. Ka zare tiyo ka buɗe famfo, mai ya zubo a miƙe, ba ɗis-ɗis ba. Murfin tanki ma yana da ɗan ramin numfashi. In ya toshe, mashin zai yi tafiyar 'yan mintuna ya mutu, ka buɗe murfin ka ji "fuu", ya tashi kamar ba shi ba.

Sai seti, kuma shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Sukuru biyu ne, mutane na rikita su. Na silo yana gefe, saitin fistin kafireta, aikinsa ɗaga fistin ɗin kaɗan kawai, kamar ka riƙe totur da hannu. Na haɗi shi ne ke daidaita mai da iska a silo. In yana ɓangaren inji, kamar yadda yake a yawancin masu ƙirar CG, a ƙasa, to na mai ne, buɗe shi ƙara mai ne. In yana ɓangaren soson iska, na iska ne, buɗe shi rage ƙarfin mai ne. Ka zaga da mashin minti goma ya yi zafi sosai, domin setin da aka yi a kan inji mai sanyi ba ya zama. Ka rufe sukurun haɗi da yatsa biyu, da ka ji ya taɓa ka tsaya, bakinsa siriri ne, in ka danne zai karye a ciki. Ka buɗe zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka tayar, ka ɗan ɗaga silo yadda ba zai mutu ba. Sannan ka riƙa juya na haɗin kwata-kwatan zagaye, kana dakatawa kana saurare. Akwai wurin da sautin zai fi tashi ya kuma daidaita, ka wuce shi ya fara sauka. Ka dawo wurin ka bar shi. Daga nan ka sauke silo da ɗaya sukurun zuwa wajen 1,400 a minti, in akwai agogon da ke nunawa. In babu, sautin da ke tafiya a jere ba gaggawa, wanda giya ɗaya ke shiga ba tare da ƙara mai ƙarfi ba.

Setin kansa yana ba da labari. In ka juya sukurun haɗi ciki da waje inji bai ko kula ba, lungun yana nan a toshe, ko an ɗaga silo har mashin ya bar ƙaramin jet ya koma sha ta allura. Ina zaton halin da naka yake ciki ke nan yanzu. In kuma sai ka buɗe sukurun mai ya wuce zagaye uku kafin ya zauna, akwai sauran toshiya ko iska. Ka kuma juya kan mashin dama da hagu yana silo. In sautin ya hau, wayar totur ce ta ɗame, a sassauta ta a bar mata ɗan wasa.

Idan kafireta ta fita daga zargi, saura abu biyu. Bawul da ya matse ba ya rufewa sosai, musamman in inji ya yi zafi, sai matsin cikin silinda ya zube. Alamarsa kik ya yi laushi a ƙafa, mashin ya yi wuyar tashi, ya riƙa mutuwa a silo bayan an yi tafiya. Wani yana jin daɗi injinsa ya yi tsit ba ƙarar tafet, alhali ɗan cak-cak kaɗan ya fi shirun nan lafiya. Ana seti ne inji na da sanyi, da ma'auni: 0.08 na milimita a CG125, 0.05 a yawancin roba-roba. Masu aunawa da reza su sani ta fi 0.05 kauri. Sai fulogi. Na CG shi ne NGK D8EA, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa, ka saya inda ka yarda da su. Naka tun da ya sha tafiya da cok, na tabbata ya yi baƙi, a wanke ko a sauya. Bayan gyara da kwana biyu ka sake cirewa ka duba: kalar shayi da madara shi ne daidai, fari fat yunwar mai ce, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke haurowa, wannan maganar ringin fistin inji ce.

Kada kuma bayan an gyara ka ɗauka neman cok da safe laifi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asubar Kaduna ya isa ya sa lafiyayyen mashin ya nema. Ka ja duka, ka buga, ya tashi ka mayar rabi, bayan kamar minti ɗaya ka sake shi gaba ɗaya. Wanda ya kamata ya damu shi ne mai mashin da ke tashi bugu ɗaya cikin tsananin hunturu ba cok, yana alfahari da shi, amma da rana yana fitar da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai, yana mutuwa in ya yi zafi. Wannan mai ne ya yi masa yawa: ko allurar fulot ba ta rufewa har mai na ɗiga ta tiyon ƙasa, ko cok bai sauka duka ba, ko ƙurar hunturu ta cika soson iska ya zama shi ma wani cok ɗin. Soso na katifa a wanke da kananzir, a matse ba murɗawa, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa. Na takarda ba a wanke shi, ba a sa masa mai, kakkaɓewa ake yi ko a sauya. Masu cire soso gaba ɗaya wai mashin ya sha iska, ƙurar nan da kake gani a kan sit da safe ita suke ɗura wa silinda.

Tafiya da cok kuwa ka daina ta daga yau in da hali. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ya gangara ya tsinka na cikin inji. Tun da ka ɗan jima kana yi, ka zaro ma'aunin baƙin mai ka sansana. In ka ji warin fetur, a juye.

Akwai lokacin da sayen sabuwar kafireta yake zama dole: fistin ɗinta ya cinye har yana kaɗawa a cikin gidansa, ko bakin sukurun haɗi ya karye a rami, ko zaren jet ya lalace, ko fuskarta ta lanƙwashe ba ta zama a kan gasket. Mashin mai shekara uku da ya lalace daga ajiya kawai, da wuya ya kai nan. In har ta kama, ka tafi da tsohuwar a hannu, ko Panteka ko duk inda kake sayen kaya, a gwada faɗin maƙogwaro da tazarar ramukan noti. Ta 125 yawanci PZ26 ce, ta 150 PZ27. Kada a ba ka babba a ce za ta ƙara gudu, silo ne zai ƙara lalacewa. Kuma kada ka bar tsohuwar a gareji, sau da yawa wadda ta zo da mashin ta fi ta kasuwa kyawun aiki, jet ɗinta ma za su yi maka amfani.

Ran da za ka sake tafiya mai tsawo, ka rufe famfon mai, ka kwance sukurun gindin kofi man ciki ya tsiyaye, ka ɗaure, sannan ka jingine shi. Yanzu dai ka fara da ƙaramin jet ɗin, ka ɗaga shi saitin rana da hannunka. In ka ga haske tas kuma mashin bai daina ba, ka sake aiko min da yadda fulogi ya fito da adadin zagayen da ka samu a sukurun haɗi, mu ɗora daga nan. Allah ya sa a dace.